Garin da Na Hana Iya

Kakata ba ta yin tatsuniya kyauta, sai an ɓare mata gyaɗa. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma da kaka ta yi, buhuna suka cika ɗakinta, mu jikokinta mu ne injinta. Ana idar da sallar magariba za ta ja kujerarta 'yar tsugunno zuwa bakin murhu, ta ɗora kaskon suya, ta turo mana ƙwarya biyu, ɗaya cike da gyaɗa mai ɓawo, ɗaya wayam. Muna ɓara, tana soya wadda aka ɓare jiya, tana juyawa da mara. Muddin tana jin ƙarar ɓawo labari yana tafiya. Hannuwa na tsayawa, bakinta zai tsaya. Iya muke ce mata. Sunanta na yanka Rakiya, amma ban taɓa jin an kira shi a gidanmu ba. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta.

Yau ina zaune a hawa na goma sha ɗaya a Pantai Dalam, cikin Kuala Lumpur, inda wuta sai ta gas, gyaɗa kuma a ɓare ake sayo ta cikin leda. Amma in ruwan la'asar ya ɗauke, masu abinci a ƙasan bene suka ɗora suya, ƙamshin yakan hawo ya mayar da ni ƙauyenmu a bayan Gwarzo, ina ɗan shekara tara, ƙafafuna a miƙe wajen wuta, ɓawon gyaɗa har cinya.

Kafin tatsuniya sai an yi kacici-kacici. Dokar kuwa kowa ya san ta: in ka kasa, sai ka ba da gari. Ba wani abu ba ne, da baki ne kawai. Ka ce, "Iya, na kasa, na ba ki Zariya." Sai ta karkata kai tana nazari, kamar mai taya saniya. In garin bai yi mata ba ta ce a sake. In ya yi mata, sai ta shige shi muna ji.

"Na shiga Zariya," in ji ta, "na sha fura a bakin kasuwa, na sayi takalmi ƙafa biyu, na kwana gidan mai kuɗi, ku kuma na bar muku ɓawon gyaɗa."

Bayan nan ne za ta faɗi amsa. Wata rana ƙanena ya ce ya ba ta Makka. Ta ɗaga mara ta nuna shi. "Makka taka ce da za ka bayar? Nemo wani." Yayata Asabe kuwa ba ta da wahala, tun Iya ba ta rufe baki ba take miƙa gari. Kafin a yanke dawa ta rabar da ƙasar Hausa kaf, ta fara shiga Barno.

Ni ban taɓa ba da ko ƙauye ba. Allah Ya ba ni saurin ganewa, ni kuma na ɗauki abin kamar ni na ba kaina. Iya tana kirana maigida, irin wasan kaka da jika, takan ce, "Wannan miji nawa marowaci ne. Shekara tara ina aure, ko unguwa bai taɓa ba ni ba." A yi dariya, ni kuwa kaina ya ƙara kumbura. Har wani maraice na ce mata, a gaban kowa, "Iya, naki fa sun ƙare. Duk na san su."

Ta ci gaba da juya gyaɗa har na zaci ba ta ji ba. Can ta ƙwanƙwasa mara a bakin kasko.

"To ga wata, maigida, taka ce kai kaɗai. Ban gada ba, ban ji a bakin kowa ba, yanzu na ƙulla ta a kan wutar nan. Ina da baƙo. In na yi masa shimfiɗa ba ya zama, in na naɗe tabarma sai ya kwana. Wane ne?"

Na ce barci. Ta ce a'a. Na ce iska. Ta ce a'a. Na ce sauro, na ce ruwan sama, na ce kazar maƙwabta. Asabe ta gaji ta ce, "Iya, na ba ki Kano da Katsina a haɗe, faɗa mana."

"Riƙe Kanonki, ba da ke nake ba. Maigida, ba ni gari."

"Ban kasa ba," na ce. "Tunani nake."

"To yi ta tunani. Gyaɗa dai kar ta tsaya."

Kwana bakwai ina kawo amsoshi tana mayar mini. A makarantar allo ma hankalina yana kan baƙon nan, har na sha bulala a kan wankin da na riga na iya. Ran na takwas, da muka zauna, Iya ba ta yi kacici-kacici ba. Ta gyara itace ta ce, "Ku matso, ga wata ta iso bakin zaure."

Muka ce, "A shigo da ita mu ga fuskarta."

Wai an yi wani ɗan kokawa wanda bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Ya ka da na garinsu, ya ka da na maƙwabta, har aka daina yi masa kiɗa don ba mai fitowa. Sai ya tafi wata kasuwa mai nisa yana neman abokin karawa. Ba wanda ya tashi sai wani tsoho siriri mai tufkar igiya, ya ajiye ramarsa ya shigo fili. Kafin makaɗa su gyara ganga, ƙato yana kwance yana kallon sama. A ƙasar nan kuwa al'adarsu, wanda aka kayar yakan tashi ya juya baya, wanda ya kayar da shi ya kakkaɓe masa ƙasa, sannan ya nuna masa ta inda ya kama shi. Tsoho ya miƙo hannu. Ƙato ya ture hannun, ya suri rigarsa, ya kama hanya. Da ya isa gida ya ce bai sami kowa ba, duk sun gudu.

Sai ƙasar bayansa ta ƙi fita. Ya yi wanka a rijiya, ya yi a kogi, ya sa an dirje shi da soso har fata ta yi ja, tana nan. Dole ya riƙa yawo da riga ko ana zafin bazara, kokawa kuma ta gagara, don ba a yin ta da riga. Damina ta sauka, ruwa ya jiƙa shi, ciyawa ta tsiro masa a gadon baya. Awaki suka fara bin sa. A nan Iya takan ajiye mara ta yi kukan akuya, ta yi na bunsuru, mu kuwa mu yi ta birgima cikin ɓawo. Bayan ciyawa sai gero, bayan gero sai tsuntsaye. Matarsa ta dube shi wata safiya ta ce, "Malam, in kira gayya ne ko za ka girbe da kanka?"

Ranar ya koma kasuwar nan. Ya tarar da tsoho a inda ya bar shi, yana tufkarsa.

"Ka daɗe," in ji tsoho.

"Baba, ka ka da ni."

"Ai na sani. Juyo."

Shafa ɗaya ya yi masa, ƙasa da ciyawa da gero suka zube. Sannan ya ce, "Duk nauyinka a ƙafar dama kake ɗora shi. Zo in nuna maka."

"Na sauke ta nan," in ji Iya, "mai so ya ɗauka, ni hannuna da mai."

Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Sauran ne suka dube ni. Asabe ta ɗaga mini riga ta baya ta ce, "Tsaya in ga ko ta fara tsiro." Na fizge na tashi. Da ba a yi dariyar nan ba, wataƙila da na ba da garin a maraicen. Amma an yi, ni kuma na rantse a raina sai na samo amsar da kaina.

Bayan an gama girbi Kawu Sule, ƙanen mahaifiyata, ya zo ya tafi da ni Kano don a sa ni makarantar boko. Da safen tafiya Iya ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli a tsumma, ta riƙe ƙullin ba ta saki ba.

"Maigida, tafiya za ka yi mini da gari?"

"In na dawo hutu zan kawo miki amsa."

Ta yi dariya, ta kama kunnena ta ɗan ja. "Amsa ai ina da ita, ɗan nan. Gari nake so."

A lokacin babu waya. Mahaifina yakan rubuto wa Kawu takarda da ajami, direban motar kasuwa ya kawo. Idon Kawu ya yi rauni, ni kuma na iya ajami tun a makarantar allo, don haka ni nake karanta masa. A ƙasan takarda ta farko, bayan gaisuwa da labarin farashin dawa, aka rubuta: Iya tana gaida maigida, ta ce garinta. Na zauna na rubuta amsoshi uku, hayaƙi da mafarki da yunwa, na ba direba. Takarda ta biyu ta zo: ta ce ba su ba ne, ta ce garinta. Ta uku ina cikin karanta wa Kawu da ƙarfi, na kai layi na huɗu, bakina ya tsaya. Zazzaɓin kwana uku ne. An yi wa Iya sutura ran Alhamis. Na duba ƙasan takardar, inda saƙona yake zama, babu komai.

Da na je gida na tambayi Asabe, na tambayi mahaifiyata, na tambayi tsohuwar da suke kai mai kasuwa tare. Ba wanda ta gaya wa. Ta ce tawa ce ni kaɗai, kuma ta riƙe mini ita.

Shekara shida ke nan da karatun digiri na uku ya kawo ni ƙasar nan, ni da matata Maryam da 'yarmu. Sunan kakata na sa mata, don haka ita ma Iya muke ce mata. Tana da shekara huɗu muka zo, yanzu goma. Tana jin Hausa sarai, amma in ka tambaye ta da Hausa, rabin amsar da Turanci za ta zo, da ɗan Malay a wutsiya. Ƙawarta Nurul, 'yar Malay ɗin da ƙofarsu ke kallon tamu. Tare suke zuwa makaranta, tare suke sauka surau, ƙaramin masallacin da ke ƙasan benenmu, inda ake koya wa yara karatun Alƙur'ani. In ka ga takalmin ɗaya a ƙofa, na ɗayar yana gefensa.

Watan jiya aka shirya wa yaran musabaƙa a surau. Su biyun suka kai zagayen ƙarshe. Ni ban je ba, ina wajen malamin da ke duba aikina. Iya tana cikin karatu alƙali ya buga ƙararrawa, alamar kuskure. Ba ta san inda ta yi shi ba, ta rikice, ta ƙarasa da kyar. Nurul ta zo ta ɗaya.

Na dawo na tarar da ita a bakin gado, ko hijabi ba ta cire ba.

"She defeated me, Abba. A gaban kowa."

Kalmar nan ta Turanci na daɗe da saninta. A jarida na fara gamuwa da ita, inda ake maganar yaƙi da zaɓe, in an murƙushe runduna ko an ka da ɗan takara. Daga baya na ji ana faɗinta a ƙwallo, a kotu, har a majalisa in an yi watsi da ƙuduri. Yaran nan kuwa sun jawo ta cikin gida, da ita suke wasan waya, da ita suke jarrabawa. Mu muna da namu kalmomin, an ka da ni, an cinye ni, na sha kaye, kuma ba su fi ta daɗi ba. Amma yadda ta fito daga bakin 'yata, kamar an rufe ƙofa ne an jefar da makulli. A bakin murhun Iya kuwa kaye yana da abin da ke biye da shi. Akwai abin da za ka faɗa, akwai abin da za a ba ka.

Washegari Nurul ta ƙwanƙwasa. Ta ce ta san inda ƙararrawar ta buga, tana so ta nuna mata. Iya ta shige ɗaki.

"Umma, ki ce ba na nan."

"Ba zan yi miki ƙarya ba," in ji Maryam. "In ba za ki fito ba, ki faɗa da bakinki."

Ba ta fito ba. Nurul ta dawo da kuih, irin ƙananan wainar da uwarta ke yi, ta ajiye ta tafi. Ta sake dawowa, ta sake. Ran na biyar ba ta zo ba. Surau ma Iya ta daina sauka. Ga shi na kammala karatu, saura mako uku mu koma gida gaba ɗaya, kwalaye sun fara taruwa a falo. Maryam ta yi faɗa ta gaji. Ni na zaunar da ita na yi mata wa'azi a kan hassada da haƙuri, ta saurara cikin ladabi har na gama.

"Ba hassada ba ce, Abba. Ni ban yi kuskure ba. Alƙalin ne bai ji daidai ba."

Sai na ji muryar wani yaro a bakin murhu yana cewa tunani yake.

Ran Asabar na hau mota zuwa kasuwar Chow Kit, na yi ta kutsawa tsakanin masu kifi da masu kayan miya har na sami gyaɗa mai ɓawo, na sayo kilo biyu. Da muka idar da magariba na ajiye roba biyu a tsakar falo, tsakanin kwalaye.

"Baban Iya," in ji Maryam, "ƙuli-ƙuli za mu fara a saman bene?"

"Ku dai zauna. Hannu na tsayawa, baki zai tsaya."

Na bayyana wa yarinyar dokar gari. Na fara da masu sauƙi. Maryam ta kasa ɗaya da gangan ta ba ni Katsina, na shiga na sha fura na bar musu ɓawo. Iya ta yi dariyar da rabona da jin ta kwana tara. Sannan na ƙwanƙwasa cokali a bakin roba na ce ina da baƙo, in na yi masa shimfiɗa ba ya zama, in na naɗe tabarma sai ya kwana.

"Intanet ɗin gidan nan!"

"A'a."

"Barci? Ruwa? Kyanwar su Nurul?" Ta ɗan yi turus da sunan ya kuɓuce mata. Ta yi ta jefowa har ta gaji. "Okay lah, Abba, na kasa. Na ba ka gari. Na ba ka KL, birnin nan gaba ɗaya, har da jirgin LRT. Faɗi."

Na ɗauki wata gyaɗa na ɓare.

"Abba, faɗi mana."

"Ban sani ba, Iya."

"Ba a haka! Na ba ka gari fa!"

"Kin bayar. Ni ne ban bayar ba."

Na ba ta labarin tun daga bakin murhu, har da ɗan kokawa da kukan awaki, ko da yake bunsuruna bai kai na mai shi ba. Sannan na ɗauko gafakata na zaro takarda ta biyu, wadda ta yi laushi kamar tsumma. A surau an koya musu Jawi, rubutun Malay da baƙaƙen Larabci, don haka baƙaƙen ba baƙinta ba ne. Ta sa yatsa a layin ƙarshe tana haɗawa a hankali.

"Ta... ce... ga-rin-ta." Ta ɗago. "Har yanzu ba ka sani ba? Shekara nawa?"

"Talatin da huɗu."

"Kuma ba wanda za ka tambaya?"

"Babu. A tatsuniya ne tsoho yake zama yana jira."

Ta ci gaba da ɓara, kanta a ƙasa. Na ga ta dubi kwalayen, ta dubi ƙofa. Can ta tattara gyaɗar da muka ɓare a roba, ta zura hijabi, ta fita ba takalmi. Muka ji ƙwanƙwasa, sannan muryar uwar Nurul tana cewa a shigo, a shigo. Maryam ta sa gefen mayafi ta share ido ta ce hayaƙi ne, alhali ba wuta a falon.

Ana kiran isha'i ta dawo, bakinta duk garin kuih.

"Madda ce, Abba. Wajen da ake ja, ban ja ta cika ba. Sau uku ta karanta mini. Gaskiyar alƙalin ne."

"Wane gari kika ba ta?"

"Kano. Ta ce ba ta san wurin ba, wai sai na kai ta ta gani."

Na daɗe ina ɗauka abin da na yi asara amsar kacici-kacici ce. Shekaru na yi ina gwada ta a kan mutane, malamai da direbobi da abokan karatu, kowa ya kawo tasa, wasu ma masu kyau, amma ba mai cewa ita ce. Sai a hankali na gane Iya ba basirata take gwadawa ba, ta san ina da ita. So take ta ji na ce na kasa a wurin da faɗin haka ba ya kashe kowa, a gaban wuta, a gaban mai ƙaunata, inda kuɗin kaye bai wuce sunan wani gari da ba nawa ba. Ta san duniya za ta ka da ni a wuraren da ba a dariya, kuma ta ka da ni, ba sau ɗaya ba. Bawa ma in ya ɗaga hannu gaban Ubangijinsa, da na kasa yake farawa.

Bayan na dawo daga sallah ina ninke takardar zan mayar gafaka, sai yarinyar ta tsaya a kaina.

"Abba, ai sunanta gare ni, ko?"

"Sunanta ne."

"To ba ni. Amma fa ni ba ni da amsar."

"Na sani."

Na sunkuyar da kai kamar ina ɗan shekara tara. Ta jira, hannunta a tsatso, kanta a karkace kamar mai taya saniya, abin da ba wanda ya koya mata.

"Iya," na ce, "na kasa. Na ba ki gari."

"Wanne?"

"Duk wanda kike so."

"Na karɓa," in ji ta. "Juyo."

Na juya. Ta sa ɗan tafinta, mai ƙamshin gyaɗa, ta kakkaɓe mini baya.